Harajin gidajen da aka kulle: kafin mu kwaikwayi Vankuba, mu ƙirga kangayen Yamai

Ƙanina zai yi aure, kuma da yake na riga shi zama Yamai, neman ɗakin da za a kai amarya a kaina ya faɗo. Kwana huɗu na yi a bayan babur ɗin wani dillali, daga Talladjé zuwa Banifandou, daga Lazaret zuwa Bobiel. Mafi dama-dama cikin abin da muka gani shi ne ɗaki da falo a wani gidan haya mai ƙofa shida, makewayi ɗaya na kowa da kowa, jikka 40 a wata. Mai gidan ya ce sai an ajiye masa kuɗin wata uku na gaba da wata ɗaya na jingina, dillali kuma yana jiran nasa wata ɗaya. Jikka 200 ke nan kafin a shimfiɗa ko tabarma. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan, wanda aka ɗaga daga sefa 30,047 zuwa 42,000 a farkon 2024, sai mutum ya tara na kusan wata biyar bai ci ba bai sha ba kafin a miƙa masa makulli. In ya shiga kuma, jikka 2 ce za ta riƙa rage masa kowane wata.

Tsadar ba ta ba ni mamaki ba, kowa ya san da ita. Abin da muka riƙa wucewa a kan hanya ne ya tsaya mini a rai. Dillalin yana tuƙi yana nuni da haɓa: wancan benen na wani Alhaji ne da ke Abidjan, sau ɗaya yake zuwa a shekara, wancan tun da Turawan wata ƙungiya suka tashi ba a sake buɗe ƙofarsa ba. Tsakanin gida da gida kuma ga filaye zagaye da katanga, ba gini a ciki sai bukkar zana a lungu ɗaya, mace na hura wuta, yara na wasa a kan tarin yashi. Da na yi magana sai ya ce: "Malam, ai gida akwai a garin nan, na talaka ne babu."

Wannan magana ita ce ake ta juyawa a fada-fada, kuma ƴan uwanmu da ke Faransa da Kanada sun ƙara mata gishiri. Suna cewa a can duk wanda ya kulle gida ya bar shi ba kowa sai ya biya haraji, me zai hana a yi haka a Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa, a tilasta wa masu kuɗi su buɗe gidajen, haya ta sauko, masu kwana a waje su samu wurin kwana. Ina goyon bayan haraji a kan dukiyar da aka kwantar a tsakiyar gari ba ta amfanin kowa. Amma in aka kwafo shi yadda yake a can aka manna a nan, ina tsoron zai bugi wanda bai kamata ba, ya bar wanda ya kamata yana dariya.

Bari mu fara da abin da aka yi a can, don da yawa cikin masu kawo misalin sun ji labarin ne rabi.

Birnin Vankuba da ke yammacin Kanada ya fara karɓar harajin gidajen da ba kowa a 2017. Kowane mai gida dole ya cika takarda duk shekara yana bayyana ko shi ke zaune a ciki ko ya ba da haya na aƙalla wata shida. Wanda bai cika ba, ana ɗaukar gidansa a matsayin kango. An fara da kashi 1 cikin 100 na darajar gidan kansa, daga 2021 aka kai kashi 3. An ware wasu da ba sa biya, kamar wanda ke kwance asibiti, ko gidan da mai shi ya rasu ba a gama rabon gado ba, ko wanda ake yi wa babban gyara. Kuɗin da aka tara kuma ana zuba su a gina gidaje masu sauƙin haya. Hukumar birnin ta ce cikin ƴan shekaru adadin gidajen da aka kulle ya ragu da fiye da rabi. Wannan nasara ce, ba mai musu. Sai dai a daidai wannan lokaci, ƙirgar da ake yi ta marasa wurin kwana a Vankuba da kewayenta ta tashi daga mutum 3,634 a 2020 zuwa 4,821 a 2023, kuma har yau birnin yana cikin mafi tsadar haya a duk Kanada.

Faransa ta riga su. Dokar 1998 ce ta kawo harajin, aka fara karɓa a 1999 a manyan birane takwas, aka faɗaɗa shi a 2013. Tun 2023, gidan da ya shekara ba kowa a yankunan da ake ƙarancin gidaje yana biyan kashi 17 cikin 100 na ƙimar hayarsa a shekarar farko, kashi 34 a shekarun da ke biye. Wata masaniyar tattalin arziki, Mariona Segú, ta bi diddigin shekarun farko na harajin ta gano ya rage yawan gidajen da ba kowa da kimanin kashi 13 cikin 100 a garuruwan da aka saka shi. Amma a 2023 hukumar ƙididdiga ta Faransa ta ƙirga gida miliyan 3.1 da ba kowa a ciki, ita kuma gidauniyar Abbé Pierre ta ƙiyasta marasa muhalli a ƙasar sun kai 330,000. Duk ɗan ci-ranin da ya taɓa kwana ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa a La Chapelle, ko ya wuni yana kiran lamba 115 ana ce masa babu gado, ba sai an fassara masa waɗannan alƙaluma ba.

Mutum zai ce: gida miliyan 3 ga mutum 330,000, ai kowa sai ya samu tara. Lissafin ya yi daidai a kan takarda kawai. Da yawa daga cikin gidajen suna ƙananan garuruwa da ƙauyukan da mutane suka gudu suka bari saboda babu aiki, wasu sun lalace, wasu ana shari'ar gado a kansu, wasu kuma tsakanin ɗan haya da ɗan haya ne aka ƙirga su. Ko da an buɗe gidan da ke tsakiyar Paris, wanda ke kwana a titi ba shi da albashin da zai nuna, ba shi da mai tsaya masa, wani ma ba shi da takardun zama. Harajin yana ƙara ƴan gidaje a kasuwa, masu matsakaicin ƙarfi su amfana. Na ƙasa can ba ya kai musu.

Yanzu mu dawo gida. Gaskiya ne akwai manyan gidaje a kulle a Plateau, Koira Kano da makamantansu, kuma sun ƙaru tun bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023. Sojojin Faransa sun kammala ficewa a Disamba na 2023, na Amurka a Satumba na 2024, tawagar Tarayyar Turai ta EUCAP ta tattara, ƙungiyoyi da dama sun rufe ko sun rage ma'aikata. Gidajen da aka gina musamman dominsu, masu wurin wanka da ɗakin janareto, waɗanda ake biyan hayarsu da ɗaruruwan jikkuna, sun zauna ba mai shiga. Masu su da yawa sun gwammace su bar su a kulle da su rage farashi, suna jiran ranar da baƙi za su dawo. Haraji zai iya sa su sauko, wani babban ma'aikaci ko ɗan kasuwa ya shiga, ya bar nasa gidan ga na ƙasa da shi. Amma kafin wannan saukowa ta iso kan ƙanina mai neman ɗakin jikka 25, ɗansa na fari ya shiga makaranta. Gidan da aka rage daga jikka 800 zuwa 500 bai shafi malamin makaranta ɗan kwantiragi ba.

A ganina kangon da ke cutar da biranenmu shi ne wanda ba a gina ba. Filin da aka yanka, aka sayar, aka zagaye da katanga ko aka kafa masa duwatsu huɗu, aka bar shi shekara goma, shekara ashirin, gari ya girma ya zagaye shi ya wuce. Wannan yana da tarihi. A farkon shekarun 2000, zamanin shugaba Tandja Mamadou, gwamnati ta biya ma'aikata bashin albashin da suke binta da filaye. Mutumin da ya yi watanni ba albashi ba gini ne a gabansa ba, don haka da yawa suka sayar da takardunsu da arha ga masu kuɗi a hannu. Su ma ofisoshin magajin gari sun daɗe suna mayar da yankan filaye hanyar samun kuɗin shiga, daga baya masu yankan filaye masu zaman kansu suka shigo suka saye gonakin bakin gari. Sakamakon shi ne an yanka filaye fiye da abin da aka gina nesa ba kusa ba, kuma sun taru a hannun waɗanda ba su da niyyar ginawa.

Ba na ganin laifin kowa a kan son fili. A ƙasar da yawancin mutane ba su da asusun banki, ba kasuwar hannun jari da talaka ya sani, fili shi ne garken ɗan birni. Ya ma fi garke, tunda ba ya cin ciyawa, ba ya ciwo, ɓarawo ba ya kora shi cikin dare, kuma duk shekara ƙiba yake yi. Sai dai a tambayi abin da ke sa shi ƙiba. Mai shi bai ɗora ko bulo ɗaya ba. An ja bututun ruwa ya wuce ta gabansa, NIGELEC ta kafa turaku, an yi kwalta, an gina makaranta da kasuwa, maƙwabta sun gina sun tare. Duk da kuɗin jama'a da gumin wasu aka yi wannan, ribar kuma ta shiga aljihun mutum ɗaya da ke zaune yana jira. Haraji a kan irin wannan fili karɓo wa jama'a wani ɓangare ne na abin da su suka samar.

Ɓarnar kuma ba ta tsaya a nan ba. Duk filin da aka riƙe a cikin gari yana tura iyali ɗaya zuwa bayan gari, inda ba ruwa ba wuta, inda sai an biya kuɗin mota sau biyu kafin a kai wurin aiki, inda ake sayen ruwan garuwa da tsadar da ta fi ta mai famfo a gida. Wanda bai iya zuwa nesa ba sai ya gangara inda ba wanda ke so: bakin kogi, bakin gulbi, cikin kwari, kan hanyar ruwa. Mun ga ƙarshen wannan a Satumba na 2020, lokacin da kogin Isa ya kai mita 7 a ma'aunin Yamai, ruwa ya fasa madatsa ya shiga Lamordé, Karadjé, Kirkissoye da Saga. Mun sake gani a daminar 2024, wadda ta kashe mutum fiye da 300 ta shafi fiye da miliyan 1, jihar Maraɗi ce ta fi yawan rasuwa, tsohon masallacin Birni a Damagaram ya rushe, har aka ɗage komawa makaranta zuwa 28 ga Oktoba, ajujuwa da yawa kuma cike suke da waɗanda gidajensu suka faɗi. Ambaliya daga Allah take, amma wanda ya kwana a hanyarta akwai dalilin da ya kai shi can, alhali ga filaye a kan tudu an kulle.

Shi kansa rashin muhalli a wurinmu ba irin na Paris ba ne, shi ya sa muke yawan cewa ba mu da shi. Zumunci yana rufa mana asiri, yana kuma rufe mana ido. Saurayi ɗan shekara 32 da ke kwana a zauren gidan kawunsa, ko a kan benci a fada bayan an watse, a ƙirga ba za a sa shi cikin marasa gida ba, amma shi ya san ba shi da inda zai ajiye akwati, balle mata. Akwai ƴan ci-rani masu kwana a bakin shaguna da tashoshin mota daga kaka zuwa damina. Akwai almajirai. Akwai matan da aka saka da yara, waɗanda masu gidajen haya ke ƙi tun daga bakin ƙofa. Akwai waɗanda ruwa ya rusa wa ɗaki shekaru da suka wuce, har yau suna ƙarƙashin tanti ko a raɓe gidan dangi.

Sannan akwai iyalan nan na cikin bukkokin zana, masu gadin kangaye. Su ne suka sa na kasa amincewa da harajin a yadda ake tallarsa. Mutum ya taso daga ƙauye da iyalinsa, mai fili ya ce ya zauna ya tsare masa wuri kada a zuba shara ko wani ya sayar da shi sau biyu. Ba haya, sau da yawa ba albashi, ba makewayi, ba famfo. Matar tana wanki ko aikatau a gidajen maƙwabta, mijin yana leburanci ko tura kura. Rayuwa ce ta wahala, amma a tsakiyar gari take, kusa da aiki. Ranar da aka ce duk filin da ba a gina ba zai biya haraji mai nauyi, mai fili zai kawo tifar yashi ya ce su kwashe zanarsu kafin Juma'a. Dokar da aka yi da sunan marasa gida, su za ta fara jefawa a titi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Akwai mafita, in ana so. A rubuta cikin dokar cewa filin da iyali ke zaune a ciki bisa yarjejeniya a rubuce ta aƙalla shekara biyu, wadda aka ajiye kwafinta a ofishin magajin gari, kuma mai filin ya gina makewayi ya ja famfo, ana rage masa harajin sosai. Wani zai ce ai masu filaye za su yi wayo, kowa ya nemo mai gadi ya dasa don ya kauce wa biya. To, su yi. Wayon da zai ƙare da iyali sun samu makewayi da ruwa da takardar da ta hana a kore su dare ɗaya, ina maraba da shi.

Na san masu karanta wannan shafi da yawa ba a gida suke ba, kuma na san abin da ke ransu. Ɗan Tawa da ya yi shekara goma sha biyar yana talla a Abidjan, ɗan Kantché da ke leburanci a Tamanrasset, wanda ke aikin gini a Tripoli ko tuƙi a Greensboro, duk wata yana aiko da kuɗin buhun siminti biyar ko goma, har gida ya tashi. Wannan gida shi ne shaidar cewa wahalarsa ba ta tafi a banza ba, kuma shi ne inda zai dawo ranar da aka koro shi ko ƙarfi ya ƙare. A ce ya biya tara don ba ya ciki, alhali rashin aiki a gida ne ya fitar da shi, zalunci ne. Gida ɗaya ko fili ɗaya na kowane ɗan ƙasa, yana nan ko yana waje, bai kamata harajin ya taɓa shi ba. Kada kuma a ce sai ya kawo takarda daga ofishin jakadanci, don mafi yawan ƴan ci-raninmu ba su taɓa taka ƙofarsa ba. Shaidar ɗan uwa da ta mai unguwa ta isa.

Amma ƴan uwa, daga gida na biyu, na uku, na huɗu, zancen ya canza. Wanda ya tara filaye shida a Niamey 2000 ko a bayan Ali Ɗan Sofo yana jiran su ninka, ko a Lyon yake ko a Katako, abu ɗaya yake yi wa gari. Ba zai yiwu mutum ya yi kukan tsadar haya a ƙasar wasu da safe, da yamma ya kira gida ya ce a ƙara saya masa fili a ajiye ba.

Ya kamata kuma a saurari dalilin da ya sa mutane ke kulle gida maimakon ba da haya, don ba duka ne mugunta ba. Duk mai gida yana da labarin ɗan hayar da ya yi wata takwas bai biya ba, ya tashi cikin dare ya bar bashin wuta da ruwa, ya cire har kan famfo. Wanda ke waje ya fi kowa tsoro, don in ya ba ɗan uwa aro, fitar da shi sai an ɓata zumunci, in ya ba bare haya, wakilinsa ne zai cinye kuɗin. Wannan tsoro ne ke haifar da wata uku na gaba da jingina, wato ɗan haya mai gaskiya ke biyan laifin marar gaskiya. Muna da dokar haya tun 1996, amma cikin masu haya goma da na sani, da wuya a samu biyu da ke da yarjejeniya a rubuce. In za a matsa wa mai gida ya buɗe, dole a ba shi wurin da zai kai ƙara a yanke cikin makonni, shi ma ɗan haya ya samu inda zai kai kukan ƙarin kuɗi ba sanarwa ko korar wulaƙanci. Ƙayyade farashin haya da doka yana iya rage zafi na ɗan lokaci, amma ba ya ƙara ɗaki ko ɗaya a gari, kuma inda masu nema suka fi ɗakuna yawa, abin da aka hana a fili ta bayan gida ake karɓarsa.

Wasu za su kawo hujjar addini, su ce dukiyar mutum tasa ce, ya ga dama ya gina, ya ga dama ya bari. Malamai sun fi ni sani, amma a littattafan fiƙihu akwai labarin Sayyidina Umar da Bilal ɗan Harith, wanda Annabi (SAW) ya yanka wa fili mai yawa a Aƙiƙ. Da Umar ya ga bai iya raya shi duka ba, sai ya bar masa abin da zai iya ya karɓe sauran ya raba wa Musulmi. An kuma ruwaito daga gare shi cewa wanda ya kafa alama a mataccen fili ya bar shi shekara uku bai raya ba, haƙƙinsa ya faɗi. Na san akwai bambanci tsakanin filin da hukuma ta ba mutum da wanda ya saya da kuɗinsa, kuma ni ban ce a ƙwace na kowa ba. Abin da nake nunawa shi ne, tunanin cewa riƙe ƙasa ba a amfani da ita yana cutar da jama'a ba daga Kanada ya fara ba.

Tsorona na gaske yana wani wuri, wato yadda ake karɓar haraji a ƙasar nan. Ba mu manta dokar kasafin kuɗi ta 2018 ba, wadda ta kawo harajin zama a gida aka ɗaura shi a kan kontar wutar lantarki. An yi watanni ana zanga-zanga, a ranar 25 ga Maris 2018 aka kama jagororin ƙungiyoyin farar hula irin su Moussa Tchangari, Ali Idrissa da Nouhou Arzika. Me ya sa aka bi ta kontar wuta? Saboda ita ce hukuma ke da jerin sunayenta. Mai karɓar haraji yana zuwa inda ya fi sauƙi ne, kuma mafi sauƙi kullum shi ne ƙaramin mutum mai adireshi. Vankuba ta iya harajinta ne don ta san kowane gida, mai shi da darajarsa. Mu kuwa fili ɗaya sai a same shi da takardu biyu ko uku, ga shari'o'in filaye sun cika kotuna, ga manyan masu filaye da yawa su ne masu kusanci da waɗanda za su sa hannu a dokar. In ba a yi hattara ba, gwauruwar da mijinta ya bar mata fili ɗaya tana jiran ɗanta ya girma ya gina ita za a kai wa takarda, mai fili arba'in kuma ya yi waya ɗaya a share sunansa.

Saboda haka in da za a tambaye ni, harajin ya fara daga fili na uku da mutum ya mallaka a gari ɗaya, a unguwannin da ruwa da wuta suka riga suka isa, bayan an ba da wa'adin shekaru a gina ko a sayar. Ya fara da kaɗan yana hawa duk shekara, yadda riƙewa za ta daina zama kyauta. Filin marayu da wanda ake shari'ar gado a kansa a ɗage musu. Za a raba filaye da sunan mata da ƴaƴa don a kauce, wannan tabbas ne, amma sai an biya kuɗin canza suna, filin ya shiga rajista, kuma duk wanda ya rubuta fili da sunan amarya ya san ba lallai ya sake dawowa hannunsa ba.

Sai batun inda kuɗin za su, wanda ya fi harajin kansa muhimmanci ga mai kwana a waje. Ƙasar da ta fi kowa rage marasa muhalli a Turai ita ce Finlan, daga kimanin 18,000 a 1987 zuwa ƙasa da 4,000 a 2022, kuma ba da harajin kango ta yi ba. Daga 2008 ta ɗauki tsarin ba mutum ɗaki nasa tukuna, da yarjejeniyar haya da sunansa, sannan a bi da maganin sauran matsalolinsa. Ta sayi gidaje, ta gina, ta mayar da ɗakunan kwanan gaggawa gidajen zama. Ba mu da kuɗin Finlan, amma darasin ya shafe mu: sai an gina wa na ƙasa da gangan, don kasuwa ba za ta gina masa ba. Abin da muke da shi yanzu, SONUCI da Bankin Gidaje da aka buɗe a 2018, mai albashi a banki suke yi wa aiki, shi kuwa tsiraru ne a cikinmu. Rage farashin siminti da aka yi a Oktoba na 2024, inda tan ɗaya ya koma jikka 55 a Yamai, ya taimaki mai fili. Wanda ba shi da inda zai sauke buhun bai ga canji ba.

Kuɗin harajin kango su shiga asusu na daban a kowane gari, a riƙa buga abin da ya shiga da abin da ya fita duk shekara, a yi abu biyu da su kawai: ƙananan filaye a kan tudu masu ruwa da magudana domin iyalan da ke bakin kogi da cikin kwari, da kuma rance mai sauƙi ga masu ƙaramin ƙarfi da ke son ƙara ɗaki biyu ko uku na haya a cikin gidajensu. Waɗannan, tsofaffin ma'aikata da mata ƴan kasuwa, su ne ke samar da mafi yawan ɗakunan da talaka ke haya, ba manyan kamfanoni ba. In kuɗin suka bi ta babban baitulmali, ba za mu sake jin ɗuriyarsu ba.

Kafin duk wannan akwai aikin da ba ya buƙatar sabuwar doka ko tallafin waje. Yamai gunduma biyar ce. A ɗauki ɗaya, a ba ɗaliban sashen nazarin ƙasa na Jami'ar Abdou Moumouni wayoyi da kuɗin mai, su bi layi-layi tare da masu unguwanni su rubuta fili nawa ne ba a gina ba, tun yaushe, gida nawa ne a kulle, bukka nawa ce a cikin kangaye kuma mutum nawa ke kwana a ciki. A haɗa da rajistar ofishin filaye a ga mutum nawa ne ke riƙe da fiye da biyu. Ba sai an buga sunaye ba, adadin kawai muke so, unguwa-unguwa. Maraɗi, Damagaram da Tawa kowacce tana da jami'a, za su iya yin nasu a hutun ƙarshen shekara.